Yadda na sa tsohon talabijin ɗinmu ya fara kama YouTube

Saboda Inna na sayi Mi TV Stick, na'urar da ake jona wa talabijin ya kama intanet. A wayar ƙanwata take kallon tafsiri, ta kara ta kusa da ido har hawaye ya taru mata, alhali ga talabijin mai inci 32 rataye a falonmu a Birnin Kebbi. Da aka karya farashin Mi TV Stick a rangwamen watan Nuwamba, wanda 'yan kasuwar intanet ke kira Black Friday, ban yi wata-wata ba. Ɗan abu ne kamar filashi, ya ɗan fi shi girma, da rimot ɗinsa a kwali.

Kafin ka biya ko sisi, leƙa bayan talabijin ɗinka. In ka ga rami an rubuta HDMI, shi ke nan. In kuwa ramukan nan uku ne kaɗai, ja da fari da rawaya, sai ka haɗa da ɗan akwatin da ke juya HDMI zuwa AV, kuma ka sani hoton ba zai fito tas ba. Kada arha ta ja ka ka ɗauki mai 4K, wato mai hoton da ya fi fitowa tas, alhali ƙarfin hoton allonka bai wuce 1080p ba, idonka ba zai ga bambanci ba. In na hannu ne, sa mai shago ya jona a gabanka, ya goge asusun tsohon mai shi.

Haɗawa ba ta da wuya. Soka ta a HDMI, ka ba ta wuta da kan cajarta a soket. Wasu talabijin ɗin ramin USB ɗinsu ba ya ba da isasshiyar wuta, sai ka ga tana mutuwa tana tashi. Danna Source a tsohon rimot ka zaɓi HDMI, ka haɗa Wi-Fi, ka sa Gmail ɗinka. Fire TV Stick kuwa, wata na'ura irinta ta kamfanin Amazon, asusun Amazon take nema.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne data, nan nake so ka natsu. A lissafin Netflix, kallon awa ɗaya a hoto na yau da kullum yana cin kusan 1GB, a HD ya kai 3GB, a 4K har 7GB. Daren farko na kunna wa yara hotspot na tafi sallar isha'i, na tsaya hira a ƙofar masallaci. Ina dawowa na tarar datar da na saya don mako guda ta kusa ƙarewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba laifin yaran ba ne. Tun ranar, duk bidiyon da muka buɗe a YouTube sai na shiga saiti na rage ƙarfin hotonsa zuwa 480p, na kuma kashe abin da ke sa wani bidiyo ya biyo baya da kansa. Daga kan tabarmar da Inna ke zama, fuskar malam na fita sarai.

Hotspot ma na daina, don waya na ɗaukar zafi, kuma in na fita kasuwa intanet ɗin gidan ya bi ni. Ƙaramin MiFi na saya, ɗan akwatin da ake sa wa layi ya ba da Wi-Fi, bayan na gwada layuka a cikin falon kansa na ga wanda ya fi ƙarfi. A zafin Afrilu, in an gama kallo nakan zare ta daga soket ta huce.

Na yi wa Inna subscribe na tashar malaminta don ta riƙa fitowa a gaba. Jiya ina alwala na ji ta ce wa ƙanwata: "Bar shi, kada ki kira yayanki, na gane maɓallin."