Kurakuran da ke kashe injin mota idan ta ɗauki zafi

Duk wanda ya saba bin hanyar Akwanga zuwa Jos ya san abin da ake gani a Hawan Kibo: mota a gefen titi, tururi na tashi daga gabanta, direba na tsaye da jarka a hannu. Abin da ke ci mini rai shi ne, yawancin injinan da ke mutuwa a wurin ba hawan ne ajalinsu ba. Abin da aka yi musu bayan allurar zafi ta tashi shi ke ƙarasa su.

Na farko shi ne "bari in lallaɓa in ƙarasa gari". Kan injin motocin yanzu galibi na alminiyam ne, zafi na wuce kima sai ya banƙare, gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone. Da ka ga allura ta doshi ja, kashe esi, ka ƙure hita don ta janye wani zafin daga inji, ka nemi wuri mai aminci ka tsaya, ka kashe mota.

Daga nan sai gaggawar buɗe murfin lagireto. Ruwan da ke ciki a matse yake, shi ya sa yake iya kai wa digiri 120 bai tafasa ba. Kana sassauta murfin zai tafasa nan take ya feso maka a fuska. Ka ba shi aƙalla minti 30, ka taɓa tiyon sama ka ji ya huce ya yi laushi, sannan ka sa tsumma mai kauri ka murɗa a hankali. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a inji mai zafi, ƙarfe na iya tsagewa.

Shi kansa murfin nan an raina shi, alhali mu mutanen Jos ya fi shafa. Garinmu na bisa tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, don haka ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa tun wajen digiri 96. Inji kuwa a wajen digiri 90 yake aikinsa. Idan robar murfin ta mutu, ba ya riƙe matsi, tazarar da ta rage kaɗan ce, hawa ɗaya ya isa. Mutum sai ya canza lagireto sukutum, alhali murfi ne kawai.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne cire tamostat. Ka kai mota gareji, bakanike ya ce: "Alhaji, wannan ai na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu, a cire kawai." A Jos, inda sanyin Disamba da Janairu ke hana mutum taɓa ruwa da asuba! Aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. In babu shi, inji yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara mai, kayan ciki su riƙa cinyewa. Kuma ainihin cutar tana nan, an dai rufe ta ne. In ana zarginsa, a ciro shi a jefa cikin ruwan zafi. Akwai lamba a jikinsa, sau da yawa 82 ko 88, in ruwa ya kai nan bai buɗe ba, a sa sabo. Haka ma kuskure ne haɗa fankar lagireto kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. Mai rewaya ya duba fiyus da rile da na'urar da ke auna zafi, a nan matsalar ta saba ɓuya.

Sai maganar ruwa. Na rijiya, na bohol, na leda, duk wanda ya samu a zuba. A kan hanya babu laifi, lalura ce. Amma in ya zama ɗabi'a, irin farin dattin nan da ke maƙalewa a gindin butar shayi shi zai toshe siraran hanyoyin lagireto, tsatsa kuma ta cinye fukafukan famfon ruwa. A sa kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, irin wanda takardar motar ta ce, in mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa, kada a cakuɗa iri biyu. A kuma ɓoye shi daga yara da dabbobi, yana da zaƙi amma guba ne.

Kafin a kwance komai, ka lura da lokacin da motar ke zafi, wannan rabin binciken ne. In a cunkoson Taminus, cikin garin Jos, allurar take tashi, da ka samu hanya ta sauka, fanka za a fara dubawa. In sai a gudu ko a hawa, to lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya gaji, ko tamostat ba ya buɗewa sosai. In kuma kullum sai ka ƙara ruwa, wani wuri yake bi. A duba tiyo da bakin ɗaurinsu da ƙarƙashin famfo, kada a tsaya ga liƙa sabulu. Duk sanda aka zubar da ruwa aka sake cikawa, a tabbata an fitar da iska, don iskar da ta maƙale ita kaɗai tana sa zafi.

In babu yoyo a waje amma ruwa na raguwa, ga farin hayaƙi mai yawa a salansa bayan inji ya yi ɗumi, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko kumfa na tasowa a lagireto, gaskit ya tafi. Kada ka yarda a sa sabo ba a auna kan injin an ga ko ya banƙare ba, in ya banƙare a kai a goge shi. A kuma nemo abin da ya jawo zafin tun farko kafin a ɗaure inji, in ba haka ba sabon gaskit ɗin ma hanyar tsohon zai bi.