Kurakuran da masu motar gudu ke yi wajen canza salansa a Sakkwato

Yawancin masu motar gudu a garin nan kunne ne ke kai su wurin mai walda. Mutum yana tsaye a shataletalen Dandima, wata Marsandi C300 ko Lexus IS 350 ta wuce tana gurnani, washegari sai ya sa a yanke salansar tasa, kuma da araha yake so. Ana samun mai araha mai kyau, sai dai kuɗin da ya fi salwanta a harkar nan wajen gyaran aikin farko yake tafiya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ƙara a matsayin ƙarfi. Motar da ba ta da turbo, ko ka canza mata bututu tun daga bayan indomi, wato matatar hayaƙin da ke kusa da inji, har wutsiya, ƙarfin dokin da za ta ƙara kaɗan ne, da wuya ƙafarka ta ji bambanci. In kuwa tukunyar baya, mai rage ƙara, kaɗai ka canza, murya ka saya. Babu laifi a ciki muddin ka san ita ka zo saye, kuma a nan araha take: tukunya ɗaya mai kyau da aikin hannu mai tsabta sun wadatar da mafi yawan mutane. Mota mai turbo ce ke amfana sosai da buɗe hanyar hayaƙi, ita ma sai an sake saita ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ake cin moriyar.

Sai zancen faɗin bututu. Mai walda zai nuna maka na inci 3 ya ce, “Alhaji, wanga shi ka sa mota ta yi numfashi.” Ga mota mai fulogi huɗu, irin Civic ko Accord 2.4, wannan ya yi yawa. Hayaƙi yana fita ne bugu-bugu, kowane bugu in yana gudu yakan jawo na bayansa. Bututu ya cika faɗi, hayaƙin ya yi sanyi, gudunsa ya ragu, sai mota ta yi nauyi wajen tashi, daidai inda ake bukatarta a cunkoson titin Ahmadu Bello. Inci 2.25 zuwa 2.5 ya ishi irin waɗannan. Inci 3 na mai turbo ne ko babban inji. Ka auna wanda kamfani ya sa, in za ka ƙara, kada ka wuce rabin inci. Ka kuma duba gwiwoyin: bututun da aka lanƙwasa ya tsuke ko ya yi tamoji a kwana ya riga ya cinye faɗin da ka biya wa kuɗi.

Inda aka fi cutar mutane shi ne indomi. Da zarar mota ta yi sanyin gudu, sai a ce ya toshe, a fasa a zazzage. Wani lokaci da gaske ya toshe. Amma ka sani a cikinsa akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, akwai kuma masu sayensa da kuɗi mai kauri, shi ya sa wasu ke saurin ba da shawarar a cire, kuma ba za ka sake ganin abin da aka zazzage ba. Motocin zamani suna da sensa gaba da indomi da kuma bayansa. Ta bayan aikinta ta tabbatar yana tace hayaƙi. In babu shi, fitilar gargaɗin inji ta kama, in an jona kwamfuta a ga lambar matsala P0420. Mutane kan ce ai motar na tafiya, su ƙyale. Haɗarin shi ne ranar da wata matsala ta gaske ta taso, fitilar ta riga ta daɗe a kunne, babu abin da zai sanar da kai. Ga warin hayaƙi mai yaji da ke bin duk wanda ke bayanka a kan babur, ga wata irin ƙara mai kama da girgiza gwangwani idan ka taka.

Gyaran nan mai sauƙi ne: a bar indomi inda yake, a fara aiki daga bayansa. In an tabbatar ya mutu, a nemo abin da ya kashe shi tukuna, domin yawanci fulogi ko kwayil mara kyau ne ke tura ɗanyen mai cikinsa har ya narke, ko inji mai shan baƙin mai. Ba a gyara wannan ba, sabon ma zai bi sahu. Ranar aikin kuma ka tsaya a wurin, duk abin da aka kwance a sa maka shi a but.

Akwai wata azabar da ba a jin ta a garejin. Ana tayar da mota a tsaye, a taka sau biyu, yara su yi tafi, kowa ya ji daɗi. Sai ranar da ka ɗauki hanyar Birnin Kebbi, ka wuce Bodinga, allurar juyin inji ta zauna a wajen 2,000, gilashi a rufe saboda zafi, sannan wani gunji mai zurfi zai cika motar. Kafin Tambuwal kai ya fara sarawa, iyali a baya sun yi shiru. Yawanci cire tukunyar tsakiya ne ke jawo shi, domin ita aka yi don kashe wannan sautin. Kada a taɓa ta. Wanda ya riga ya cire, mayar da ita ko sa wata mai wucewa kai tsaye yana rage matsalar ƙwarai. Kuma kada bidiyon waya ya zaɓar maka salansa, lasifikar waya ba ta fitar da wannan gunjin. Ka nemi mai mota irin taka da ya sa irin wadda kake so, ka zauna a kujerar baya, ku hau baifas.

Wajen ƙarfe kuwa, mu nan muna da sa'a. Ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara su ke tilasta wa mutum sayen sitenles mai lamba 304, mai tsada. A busasshiyar iskar Sakkwato mai lamba 409 ya isa, zai yi ja a sama amma ba ya saurin hujewa. Ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu: yana kama 409 sosai, 304 kuwa da ƙyar ko sam. Wanda ya ce maka 304 ne, maye ya manne ƙam, ka rage masa kuɗi. Abin gudu shi ne bututun ruwa na gini da wasu ke yankowa, nauyinsa kaɗai yana tsinka robobin rataya.

Sunan da ke jikin wutsiya ma kada ya ruɗe ka. Samfurin Akrapovič na gaske a Sulobeniya ake yin sa, kuɗinsa kan kai na wata ƙaramar motar, don haka wanda ka gani a shago da kuɗin taya ɗaya tambari ne kawai. Haka ake yi wa Borla da HKS da Remus. Ni a ganina tsohuwar MagnaFlow ta gaske 'yar Beljiyam, daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, ta fi sabuwar jabu mai ƙyalli. Ka girgiza ta: in wani abu na kaɗawa a ciki, bar ta. Jabun kan yi daɗin ji da farko, audugar cikinta ta ƙone, murya ta koma ta janareto.

Mutum ya kashe kuɗi a kaya, sai ya zo yana ciniki kan ladan ɗaurawa, alhali nan ne bai kamata a matse hannu ba. A cire kan batir kafin waldar lantarki, don kare ƙwaƙwalwar mota. Kada a like komai ya zama sanda ɗaya tun daga inji: a bar mahaɗa mai kusoshi da gasket, a bar wannan guntun mai lanƙwasuwa da ke gaba, domin inji yana motsi, in babu shi manifol, mahaɗar bututun hayaƙi a jikin inji, ne zai tsage. Bututu kada ya sauko ƙasa da inda na asali yake, tudun rage gudu na cikin unguwanni ba ya yafiya. Farantin da ke kare tankin mai daga zafi a mayar da shi. A garin da bazara ke haura digiri 40 wannan ba abin wasa ba ne, haka ma tazarar wutsiya da robar bamba.

Kafin ka biya, a tayar da mota a kan rami, a toshe wutsiya da tsumma na ɗan lokaci, a saurari inda iska ke tsiyaya. Huji kusa da sensar gaba yana sa ƙwaƙwalwa ta ƙara mai, abin da ba wanda ke so tun da aka janye tallafi a 2023. Huji a ƙarƙashin kujeru kuma ya fi muni, saboda gubar da ke cikin hayaƙi ba ta da wari ba ta da launi, mu kuwa gilashi a rufe muke yini.

Game da ƙara, Najeriya tana da dokar taƙaita hayaniya tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma maƙwabcin da ka tayar wa jariri da tsakar dare zai riga hukuma zuwa ƙofarka. Masu son shiru da gurnani duka sukan sa salansa mai bawul da rimot, a rufe a unguwa, a buɗe a hanya. Mai arahar cikinsu ƙura da zafi kan sa bawul ɗin ya maƙale, don haka a duba ko ana samun injin bawul ɗin daban kafin a saya. Tsohuwar salansarka kuma kada ka bar wa garejin. Ranar sayar da mota, dillali yana jin gurnani zai ce an wahalar da ita ya karya kuɗi, mayar da ta asali kuwa aikin yini ɗaya ne.