Yadda ake zuwa Turai karatun zango ɗaya ba tare da an dawo an tarar da kari-oba ba

Duk shekara sai na samu saƙo daga wani ƙane ko ƙanwa, ana tambayata yadda na yi na je Jamus karatun zango ɗaya ina aji uku a jami'a. Tambayar ba ta wuce biza da kuɗin jirgi. Har yau ba wanda ya fara da abin da ya ci mini shekara guda cur, wato yadda makin da ka samo a can zai shiga sakamakonka na gida. A nan zan daɗe, sauran zan taɓa su ne in wuce.

Fara da gano ko jami'arku tana da ƙawa a can. Shirin da na bi shi ne Erasmus+ na Tarayyar Turai. Tun 1987 suke musayar ɗalibai a tsakaninsu, sai a 2015 suka buɗe wa ɗaliban ƙasashe irin namu ƙofa. Ba irin tallafin digiri na biyu ba ne da za ka hau intanet ka cike fom da kanka. Dole sai jami'arku ta ƙulla yarjejeniya da wata jami'a a can, kuma ita za ta tace ɗalibai ta aika sunayensu. Saboda haka tashi ka taka da ƙafarka zuwa ofishin da ke kula da hulɗa da jami'o'in waje, ka tambaya da wa aka ƙulla, kuma a wane fanni, domin sau da yawa yarjejeniyar ta sashe ɗaya ce ko biyu, ba ta jami'a gaba ɗaya ba. Kada ka jira sanarwa a allo, kafin ka gan ta an rufe. Duk ejan da ya ce ka kawo kuɗi zai saka ka a ciki, ɗan damfara ne.

Sai zaɓen lokaci. Ni a wajena aji uku ne kawai ya dace, kuma zangon da babu SIWES a cikinsa, wato zaman koyon aiki da ake tura ɗalibai ma'aikatu. A aji ɗaya ba ka da sakamakon da za a duba, a ajin ƙarshe kuma furojet ya riƙe maka ƙafa. Ka ɗora kalandar can a kan ta gida. A Jamus zangon hunturu yana farawa a Oktoba ya ƙare a Maris, lakcoci suna tsayawa wajen tsakiyar Fabrairu, na bazara kuma Afrilu zuwa Satumba. Tamu kuwa ba ta zama wuri ɗaya, yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba. In ba ka lura ba zango ɗaya na can zai gutsuri ƙarshen zango ɗaya na gida da farkon na biye, ka yi biyu babu.

To ga inda ake faɗuwa. Akwai takardar da ake kira Learning Agreement, yarjejeniyar kwasa-kwasai ce da mutum uku ke sa wa hannu: kai, jami'arku, da jami'ar da za ta karɓe ka. Tebur ɗaya na kwasa-kwasan da za ka ɗauka a can, ɗaya kuma na waɗanda za a yafe maka a gida a madadinsu. Ɗalibai suna ɓata mako guda kan tebur na farko, na biyun su cike shi a minti biyar. Nima haka na yi.

Su a Turai da ECTS suke auna karatu, wato tsarinsu na ƙirga nauyin kwas da kiredit. Cikakken zango kiredit 30 ne, kowane kiredit kuma awa 25 zuwa 30 na aiki, har da karatun da ka yi a ɗakinka. Mu kuwa yunit ɗinmu awannin lakca a mako yake ƙirgawa. Kwas mai ECTS shida ba yunit shida ba ne, kada ka yi wannan lissafin a gaban jami'in jarrabawa ya yi maka dariya. Abin da ya fi damuwa shi ne yawan kwas ɗin. A can kwas biyar masu shida-shida sun cika maka zango, alhali a gida zangon nan kwas takwas ne ko tara, masu yunit bibbiyu da uku-uku. Biyar ba za su rufe tara da kansu ba. Sai sashenku ya yanke shawara, ko ya karɓi zangon dunƙule a matsayin madadin na gida, ko ya bi kwas-kwas ya faɗi waɗanda suka rage a kanka. Ko wanne aka zaɓa, ka san shi kafin ka hau jirgi.

Ni shugaban sashenmu a kan bayan motarsa ya sa mini hannu, yana sauri zai tafi taro. Ya miƙo mini biro da takardar ya ce, "Allah ya ba da sa'a, je ka dawo, za mu duba." Na ce na gode ranka ya daɗe, na tafi ina murna. Kafin in dawo wa'adinsa ya ƙare, wani ya hau kujerar. Sabon ya juya takardar gaba da baya ya ce shi bai ga inda kwamitin sashe ya zauna a kan wannan ba. Gaskiyarsa ce, ba a zauna ba. Sa hannun mutum ɗaya ne, kuma mutumin ya tashi.

Ga yadda ya kamata in yi. Ka sauke bayanin kowane kwas daga shafin jami'ar can, wanda ke nuna abin da za a koyar mako-mako da yadda ake jarrabawa, ka buga shi a takarda. Ka ajiye shi gefe da gefe da littafin kwasa-kwasan sashenku. Ka bi malamin da ke koyar da kowane kwas na gida ofishinsa, ka nuna masa, ya rubuta da hannunsa cewa wannan ya yi daidai da nawa. Sannan ka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashe ta hannun kodinetan ajinku, ka roƙi a kai maganar zaman kwamitin sashe. In an zauna, ka nemi kwafin shafin da aka rubuta hukuncin, ɗaya a fayil ɗinka, ɗaya wajen jami'in jarrabawa, a buga maka hatimin an karɓa, ɗaya kuma ka ɗauki hotonsa ka tura wa kanka ta imel. Zirga-zirgar za ta ci maka mako uku ko huɗu da kuɗin fotokwafi, za a kuma ce ka cika naci. Bari a ce.

A cikin wasiƙar nan ka sa maganar fassara maki. A Jamus 1.0 ne ƙololuwa, 4.0 ne iyakar ci, 5.0 faɗuwa, wato kishiyar namu mai hawa zuwa biyar. Na dawo da 1.7 a kwas ɗin da na fi wahala a kansa, wani ma'aikaci ya duba ya girgiza kai ya ce, "Ashe can ma ba ka taɓuka komai ba." Faransa kuma a kan ashirin suke ba da maki. Ka nemi jadawalin ma'anar makin daga jami'ar can, a amince da yadda za a mayar da shi A, B, C tun kana gida. Ka kuma tambaya a rubuce ko za ka biya kuɗin makaranta ka yi rajistar zangon a nan, domin in kwamfuta ba ta gan ka ba, a wajenta ka gudu ne.

Kuskurena na biyu a can na tafka shi. Makon farko na shiga aji na tarar kwas ɗaya da Jamusanci ake koyar da shi, wani kuma lokacinsa ya yi karo da wani. Na canza biyun, ofishin can suka amince, ban sanar da gida ba. Takardar tana da sashen canji, ana ba da makonni biyar daga farkon zango, kuma mutum ukun nan dai za su sake amincewa. Ranar da ka canza kwas, ranar za ka tura imel gida, ka kuma sa abokinka ya bi maka da ƙafa. Kwas uku aka ƙi karɓa mini, ɗayansu sharaɗi ne na wani kwas a aji huɗu, shi ya ja mini ƙarin shekara.

Maganar kuɗi da biza a gurguje. Ba ka biyan kuɗin koyarwa a can, kuma tallafin wata yana tsakanin yuro 800 zuwa 900 gwargwadon tsadar ƙasar, da wani abu na jirgi. Amma kuɗin ba ya riga ka isa, sai ka sauka ka buɗe asusun banki. Kafin nan akwai kuɗin ajiya na ɗaki, da inshorar lafiya, da kuɗin hidimar zango da jami'o'in Jamus ke karɓa daga kowa. Ka riƙe na wata guda a hannu, ko rance ne. Bizar Shengen ta yawon buɗe ido kwana 90 ce, ba za ta kai ka ƙarshen zango ba, ta dogon zama ake nema, mai harafin D. Ranar da wasiƙar karɓa ta zo ka nemi ranar ganawa, ni sai da na je Legas. Ɗakin ɗalibai ma a ranar za ka nema, haya a gari za ta cinye rabin tallafin.

Kada ka sa kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka, doka ta hana shiga Tarayyar Turai da nama da kayan madara. Naman halal yana shagunan Turkawa. Rigar sanyi a can za ka saya, ta gwanjo ta wadatar. Ka yi rajistar adireshinka a ofishin gari cikin mako biyu, ka tuna shaguna ba sa buɗewa ran Lahadi, kuma a Disamba magariba tana yi wajen ƙarfe huɗu da rabi, sai ka tsara azahar da la'asar tsakanin lakcoci.

Kafin ka taso, ka karɓi takardar shaidar ranar zuwa da ranar tafiya, ka tabbatar kowane malami ya shigar da makinka. Takardar sakamako tana iya ɗaukar makonni biyar. Ka ce su aika wa jami'arku kai tsaye, su kuma turo maka kwafi. Da ta iso, haɗa ta da shafin hukuncin kwamitin nan ka kai wa jami'in jarrabawa kafin a haɗa sakamakon zangon, ka tsaya a wajen har ka ga ya shigar.