Yadda za ka bi gasar tseren kwale-kwale ta ruwa mai ambaliya daga farkon kaka har ƙarshe

Duk wanda ya kalli gasar Olamfik ta Paris a 2024 wataƙila ya ci karo da wani wasa da ake nuna mutum ɗaya cikin ɗan siririn kwale-kwale, ruwa na tafasa fari fat yana jifa da shi, shi kuma yana ta kutsawa tsakanin wasu sanduna da aka rataye a sama. Sunan wasan silalom, kuma ba sai shekara huɗu-huɗu ake yinsa ba, duk shekara akwai kakarsa, wato Kofin Duniya da ICF, hukumar wasannin kwale-kwale ta duniya, ke shiryawa tun 1988. Yawanci zagaye biyar ne, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, kusan duka a Turai. Abin da ke sa mutane su kalla minti biyu su canza tasha shi ne ba su san inda za su sa ido ba, sai su ga kamar kowa abu ɗaya yake yi. To ga yadda ake kallonsa.

Fara da sanin ƙofofin nan, don su ne wasan gaba ɗaya. Hanyar ba ta da tsawo, 'yan mitoci ɗari biyu zuwa uku ne galibi, kuma gwani na gama ta cikin sakan 90 zuwa 110. A kanta an rataye ƙofofi 18 zuwa 25, kowace sanduna biyu ne da lamba a sama, dole ka bi su bi da bi. Mai ratsin kore da fari ana shigarta ne yadda ruwa ke gangarawa. Mai ja da fari kuwa sai ka wuce ta, ka juyo, ka shige ta kana fuskantar inda ruwan ke fitowa, kuma aƙalla shida ake sawa irinsu. In jikinka ko filafilinka ko kwale-kwalen ya taɓa sanda, ko da ɗan shafa ne, an ƙara maka sakan 2. In ka tsallake ƙofa, ko ka shige ta ta baibai, ko kanka bai shiga tsakanin sandunan gaba ɗaya ba, sakan 50 ne, wanda a wannan matakin ma'anarsa ka tattara kayanka kawai.

Kar ka raina sakan 2 ɗin nan. A Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, Jessica Fox ta Ostireliya ta fi kowa gudu a wasan ƙarshe na rukunin K1, wato na masu tuƙi a zaune, amma ta taɓa ƙofa biyu, aka ɗora mata sakan 4, zinare ya tafi hannun Ricarda Funk ta Jamus ita kuma ta tashi da tagulla. Bayan kwana biyu Fox ta dawo ta ci zinaren C1, na masu tuƙi a durƙushe. Saboda haka in kana kallo, idonka ɗaya na kan agogo ɗaya na kan sanda, in ka ga sanda tana lilo bayan ɗan wasa ya wuce to jira ka ga ko lamba 2 za ta fito a allo, wani lokacin ruwa ne ya fantsama ya kaɗa ta ba shi ba, shi ya sa akwai alƙalan bidiyo da ke sake dubawa, kuma sakamako kan iya canzawa bayan mutum ya riga ya fara murna.

Sai bambancin K1 da C1, wanda ba wuya. Mai K1 a zaune yake ƙafafu a miƙe, filafilinsa baki biyu ne, hagu da dama. Mai C1 a durƙushe yake a cikin kwale-kwalen, filafilinsa baki ɗaya. Daga nesa kwale-kwalen iri ɗaya ne, tsawonsa mita 3.5, don haka filafilin za ka duba. Ni dai C1 ya fi burge ni, saboda mutum ba shi da baki a ɗaya gefen, dole ya tsallaka da filafilin ta saman hancin kwale-kwalen ya tuƙa a karkace, a cikin ruwan da ko tsayuwa ba za ka iya yi ba. Da akwai C2 na mutum biyu, wanda tagwayen Sulobakiya Pavol da Peter Hochschorner suka ci zinarensa sau uku a jere, 2000, 2004 da 2008, amma an cire shi daga Olamfik bayan Rio 2016 aka sa C1 na mata a madadinsa.

Yanzu ga inda daɗin yake, jar ƙofa. Ba a rataye ta a tsakiyar ruwa mai ƙarfi, ana sa ta ne a bayan dutse ko wani shinge inda ruwa ke kwantawa har ma ya riƙa komawa baya. Tsakanin wannan kwantaccen ruwa da mai gudun akwai wani layi da za ka iya gani da ido in ka lura. Gwani yana zuwa da gudunsa ya soka hancin kwale-kwalen daidai kan layin, ya kafa filafili sau ɗaya, ruwan da kansa ya juya shi, wutsiyar kwale-kwalen ta nutse ta bi ta ƙarƙashin sanda, shi kuma ya lanƙwasa wuya ya zagaye sandar da tazarar da ba ta kai yatsa biyu ba, kafin ka ƙifta ido ya koma cikin igiyar ruwa. Wanda ya makara da rabin sakan kuwa ruwa zai kai shi ƙasa da ƙofar, sai ka ga yana ta haƙilo yana tuƙi huɗu biyar kafin ya hauro. Ka riƙa ƙirga sau nawa mutum ya tsoma filafili a jar ƙofa, wannan kaɗai zai gaya maka wa ke kan gaba tun kafin agogo ya nuna. Kuma sau da yawa wanda ka ga kamar bai wahala shi ne mai saurin, wanda ke ta fantsama ruwa yana ƙarfi-ƙarfi kuskure yake gyarawa.

Wani abu da ya kamata ka sani, 'yan wasan ba sa gwada tsarin ƙofofin kafin gasa. Sun san ruwan, sun yi atisaye a kansa, amma ƙofofin sai dab da gasa ake rataye su, wasu da ba sa cikin gasar su bi a gani, su kuma 'yan wasan su bi gefen ruwa da ƙafa su da kocinsu suna haddacewa. Shi ya sa za ka ga kyamara ta hasko mutum kafin ya tashi ido a rufe yana ta karkaɗa hannu da kafaɗa shi kaɗai, hanyar yake bi a cikin kansa.

Tsarin ranar gasa yana ɗan canzawa daga shekara zuwa shekara, amma ginshiƙin shi ne zagayen tankaɗe, sai na kusa da ƙarshe, sai na ƙarshe mai mutum goma ko sha biyu. Lokacin baya ba ya bin mutum, kowa daga sifili yake farawa, kuma wanda ya fi kowa a zagayen baya shi ke tashi a ƙarshe. In datarka ba ta da yawa, wasan ƙarshe kawai za ka kalla, bai fi rabin awa ba kowane rukuni.

Ɓangaren maki kuma, wanda ya zo na ɗaya a kowane zagaye na Kofin Duniya yana samun 60, na biyu 55, na uku 50, haka yake ta sauka, a zagayen ƙarshe na kaka kuma ana ninka makin. Kenan mutum zai iya ɗaukar kofin shekara ba tare da ya ci zagaye da yawa ba, in dai kullum yana shiga wasan ƙarshe, kuma mai jan ragama tun Yuni zai iya rasa komai a rana ɗaya a Satumba. Kada ka haɗa wannan da Gasar Zakarun Duniya, ita daban ce, mako guda ake yi a wuri ɗaya, an fara ta a Janeba a 1949, kuma galibi ba a yinta a shekarar Olamfik. Ta 2022 a Augsburg aka yi, ta 2023 a Lee Valley kusa da Landan, ta 2025 a Penrith kusa da Sidni.

Ka san filayen ma, don kowane ruwa da halinsa, kuma 'yan gida suna da riba sosai a ruwan da suka tashi a kai. Augsburg ta Jamus ita ce uwa, an gina ta ne don Olamfik ta Munik a 1972, karon farko da aka sa wasan, matsattsiya ce ta kankare, ruwan na dukan bango yana dawowa yadda ba ka iya cewa ga abin da zai yi. Daga nan wasan ya ɓace daga Olamfik shekara ashirin, sai a 1992 ya dawo a La Seu d'Urgell ta Sifaniya, wadda har yau ana zuwa. Tacen da ke gefen Ljubljana a Sulobeniya kuwa, tun daga tashi ake jefa mutum cikin wani gangare mai ban tsoro, in kana neman bidiyon da zai sa ka kamu da son wasan to da ita za ka fara. Akwai Troja a birnin Prag inda 'yan kallo suka fi ko'ina ihu, akwai Pau a Faransa, garin Tony Estanguet mai zinare uku a C1 wanda ya shugabanci shirya Paris 2024, akwai Krakow a Polan da Ivrea a Italiya.

Kar ka ce za ka san kowa a lokaci ɗaya, zaɓi mutum uku ko huɗu ka bi su. Jessica Fox dole ce, a Paris ta haɗa zinaren K1 da C1, ƙanwarta Noemie ta ci na kayak kuros, tseren da ake sakin mutum huɗu tare, gida ɗaya zinare uku, kuma gado ne, babansu Richard Fox zakaran duniya ne sau biyar, mamarsu Myriam ta ci tagulla a Atlanta 1996. A maza akwai Jiri Prskavec na Cek, Giovanni De Gennaro na Italiya, Nicolas Gestin na Faransa da Benjamin Savsek na Sulobeniya. Mu ma nan yankin muna da abin tunawa, Benjamin Boukpeti ya ci wa Togo tagulla a K1 a Beijin 2008, lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar, don murna har filafilinsa ya karya gida biyu. Johny Akinyemi kuma ya wakilci Najeriya a Landan 2012. Abin da ke min ciwo shi ne dukansu a Turai suka tashi suka koya, alhali masu tuƙin kwale-kwale ba su muka rasa ba, wanda ya taɓa ganin kabanci a Argungu ya sani.

Shi kayak kuros ɗin da na ambata sabo ne, a Paris ya fara shiga Olamfik, Finn Butcher na Niyu Zilan ya ci na maza. Mutum huɗu ake sakowa lokaci ɗaya daga wani dandamali a sama su faɗo ruwa, cikin kwale-kwalen roba mai jure karo, ana gogayya ana ture juna, taɓa ƙofa ba laifi ba ne, kuma akwai wurin da dole kowa ya kifa da kansa cikin ruwa ya juyo. Wanda ya fara isa ba tare da ya karya doka ba shi ya ci. Yana da makinsa daban a Kofin Duniya, kuma in za ka nuna wa yara ko abokin da bai da haƙuri, da shi za ka fara.

Wajen kallo, tashar Planet Canoe a YouTube ita ce ta hukumar, akwai tsofaffin gasanni da taƙaitattun bidiyo birjik kyauta, na kai tsaye ne wani lokacin sai an biya. Jadawali da sakamako suna shafin ICF. Galibi Juma'a zuwa Lahadi ake yi. Ka lura da agogo, a watannin gasar Jamus da Faransa da Cek suna gaban Najeriya da Nijar da awa ɗaya, suna gaban Gana da awa biyu, Ingila kuwa agogonmu ɗaya da ita a Kano ko Zinder. Kafin kaka ta gaba ta fara, nemo wasan ƙarshe guda ɗaya na Tacen ko Prag, ka kalli mutum ukun farko a hankali kana dakatar da bidiyon a kowace jar ƙofa kana ƙirga tuƙi, sauran ka bar su su tafi yadda suke. Olamfik ta 2028 sunanta na Los Anjalas, amma silalom ɗinta a birnin Oklahoma za a yi, saboda can ne ake da ginannen ruwan.