Kafin ka nemi kwangilar gwamnati, ka gyara takardunka

'Yan uwa masu son kai wa ma'aikatun tarayya kaya, yawancinmu ba a farashi muke faɗuwa ba, a takardu ne. Tun kafin a duba farashinka ake tankaɗe ka.

Dokar sayayya ta 2007 ce ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan kwangilolin gwamnatin tarayya, kuma sai sunan kamfaninka ya shiga rajistarta. Ka tanadi rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun PenCom (hukumar fansho), ITF (asusun horar da ma'aikata) da NSITF (asusun inshorar ma'aikata) idan sun hau kanka. Yawancinsu 31 ga Disamba suke ƙarewa, don haka ka sabunta tun farkon shekara, kada ka jira sai talla ta fito a Federal Tenders Journal, jaridar da ake tallata kwangilolin tarayya.

Ranar miƙa takardun neman kwangila kuwa ka yi sammako. Na ga wani ya iso da ambulan, gumi sharkaf, minti goma bayan an rufe akwatin karɓar takardu; ko kallonsa ba a yi ba.

Ka sa jinkirin biya da harajin da ake cirewa daga kuɗin kwangila, duk a cikin lissafinka. Kuma kada ka sauke ko kujera ɗaya sai takardar ba da kwangila tana hannunka, ko da darakta ne ya ce "kawo kawai".