Yadda za ka haɗa abin huda takardar fiyano mai kaɗa kanta

Wannan fiyano da iska take aiki: takarda mai huji-huji tana wucewa, iska ta shiga ta huji, sauti ya fito. A taron masu ƙera irin wannan fiyano da takardunta a birnin Buffalo na Amurka a 1908 aka tsayar da faɗin takardar a inci 11 da kwata, layin huji 9 a kowane inci. In ka liƙe inda ta yage, tef zai toshe hujin, sai an sake buɗewa. Abin huda takarda na ofis ya yi girma, zai ci layin da ke kusa.

Da farko nemi siririn bututun tagulla. Ɗora bakinsa kan lafiyayyen huji, ka tabbata ramin cikinsa daidai yake da shi. Yanke kamar tsawon yatsa.

Wasa baki shi ne babban aikin, kada ka yi gaggawa. Riƙa juya bututun kana goga gefen waje da magagari a karkace, sannan ka bi da samfefa mai laushi har ya yi kaifi ko'ina. Baki mai dakushi yaga tsohuwar takarda yake yi, ita kuwa ba ta da madadi.

Fafe ƙaramar taga a gefe don gutsattsari su fita, ka kafa ɗaya bakin cikin guntun katako ya zama mariƙi.

Gwada a wata takarda tukuna. Shimfiɗa naɗin takardar fiyanon kan katako mai santsi, danna, ka ɗan murza. Wurin dogon sauti, jera huji kusa-kusa, ka bar siririyar takarda tsakani.