Yadda nake mai da bakin wuta makamin tsafi a Dungeons & Dragons

Ba tocila mai batir nake nufi ba. Bakin wuta nake nufi, sandar da aka naɗe kanta da tsumma aka tsoma a mai. Dungeons & Dragons wasan tebur ne da 'yan wasa ke zama jarumai a cikin labari suna yaƙar dodanni. A dokokinsa na bugu na biyar na 2014, kuɗinsa kwabon tagulla ɗaya, yana ci awa ɗaya, yana haska ƙafa 20 tangaran da wasu ƙafa 20 dishi-dishi. Ka maka wa dodo shi, maki 1 kacal zai rage masa daga makin ransa. Shi ya sa 'yan wasa ke cusa shi a jaka su manta.

Kuskuren da na fara yi, da nake jan wasa, wato ni ke tsara labarin da dodanninsa, shi ne na ba wani abokina bakin wuta mai ƙarin dais biyu masu fuska shida (dais shi ne abin da ake jefawa, lambar da ta fito ita ce ɓarnar da makami ya yi), alhali yana matakin farko. Ƙarfin takobin Flame Tongue ke nan, wanda littafin dokokin wasan ya sa cikin kayan da ba a cika samu ba. Zama biyu muka yi, ya gama da duk dodannin da na kwana ina shiryawa, sauran 'yan tebur suka koma 'yan kallo.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina ɗaukar sandar a matsayin kulki, dais mai fuska huɗu, in ƙara maki 1 ko 2 na wuta, in ce makamin tsafi ne. Ya isa haka.

Sai in nema masa abokin gabar da ya dace da shi. Dodon da ake kira troll yana mai da maki 10 na ransa duk zagaye, sai fa in wuta ko asid ta taɓa shi. Maki 1 ɗin nan da aka raina shi ke hana shi tashi. Gawar Masar mai naɗe da likkafani kuwa, wuta ninki biyu take yi mata. Ranar da matsafinmu, wanda ko garkuwa ba ya ɗauka, ya dangwara wa troll bakin wuta a ƙeya, sai da wani ya zubar da shayinsa kan taswira don ihu.

Kada ka bar bakin wutar kyauta. Yana cinye hannu ɗaya, wato in ɗaya hannun na riƙe da wani makami, ko garkuwa ko haske. Kuma a cikin kogo duk mai kwanton ɓauna zai hango mai riƙe da shi tun daga nesa. Ni nakan ƙara sharaɗi: in bakin wutar ya mutu, ba ya kamawa sai da wutar murhun gidan da aka yi maka maraba.

Wani zai ce maka a yi masa tsafin Continual Flame don kada ya mutu. Bar shi ya ɓatar da hodar yakutu mai darajar zinare 50, sannan ka tuna masa wannan wutar ba ta da zafi, ko tsumma ba ta ƙonawa, balle troll.